Garwa, Marwa ko Ngaundare: ina ya fi wa mai ciki da jaririnta?

Bayan sallar isha'i ƙanena ya kira ni, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron kada bango ya ji. "Yaya, shawara nake nema." Amaryarsa na da ciki wata huɗu, na fari. A Garwa ta arewacin Kamaru suke zaune, can unguwar Hausare. Iyayenta na Marwa, kuma tuni gyatumarta ta aiko cewa da ciki ya shiga wata bakwai a kai mata 'yarta goyon ciki, kamar yadda aka saba. Ana cikin haka sai ubangidansa ya ce yana son ya koma Ngaundare ya riƙe masa sito kusa da tashar jirgin ƙasa. Ciki ɗaya, gari uku.

Ban bar shi ya gama jero dalilansa ba na tambaye shi, "Wane wata aka rubuta mata a karne, katin awonta?" Ya ce Afrilu. Na ce to, zauna, zancen da tsawo.

Biyu na haifa a Garwa, auta a Ngaundare, na kuma yi zaman jegon 'yar yayata kwana arba'in cur a Marwa, a Domayo. Abin da na faɗa masa a daren nan shi zan baje a nan, don na san direbobi da 'yan kasuwa da ma'aikatan da ake ɗagawa daga wannan gari zuwa wancan duk a kan hanyar nan guda suke kai-komo, kuma matansu ba sa daina haihuwa don an yi musu canjin wurin aiki.

Zafi na fara kawo masa, don shi ne abin da maza suka fi rainawa. Garwa a kwance take a kwarin Binuwai, ƙasa sosai, daga Maris zuwa farkon Mayu kuma zafi kan haura maki 40. Na rana ma da sauƙi, ana iya fakewa. Na dare ne azaba, lokacin da bango ke amayo abin da ya sha tun safe. Ɗana na biyu a Afrilu ya zo. Ina tuna darensa na uku a duniya: wuta ta ɗauke, fanka ta yi 'yan juye-juyenta ta tsaya, ɗakin kwano ya koma tanda. Goggo ta jiƙa zane ta rataya a taga, ni ina ta fifita da mafici har hannu ya sage, ƙurajen zafi sun feso masa a wuya kamar an watsa gero. Yana tsala kuka, Goggo na cewa, "'Yar nan, ki ɗiga masa ruwa mana, ƙishi yake ji." A nan haɗarin bazara yake. Jariri ba ya bukatar ruwa kafin wata shida, nono ya ishe shi ko da ana narkewa, uwar ce za ta yi ta sha tana yawaita ba shi. Amma ka faɗa wa tsohuwa haka ƙarfe biyun dare, jikanta na kuka! Ruwan randa ko na 'yan garuwa da za a ɗiga masa da tausayi, shi ke kawo gudawa, gudawa a bazara kuwa ba ta jiran gari ya waye.

Wutar lantarkin garuruwan uku yawanci daga madatsar Lagdo take zuwa, wadda aka kammala a 1982 a kan Binuwai. Ruwan madatsar kan ja baya a ƙarshen rani, wato daidai lokacin da aka fi bukatar fanka. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Gidar sun rage abin, amma ɗaukewar wuta ba ta zama labari ba tukuna. Bambancin kawai, in ta ɗauke a Ngaundare duhu za ka sha. In ta ɗauke a Garwa, barcin gidan gaba ɗaya ta tafi da shi.

Marwa ma ba kanwar lasa ba ce a bazara. Zafinta busasshe ne, kuma darbejiyar da ta rufe titunanta na ba da inuwar da Garwa ba ta da irinta, mai tsohon ciki na iya shimfiɗa tabarma a gindi ta sha iska. Amma ƙurar hunturunta ta fi kauri, tana toshe hancin jariri har ya kasa kama nono sosai, kuma daga Fabrairu zuwa Afrilu lokacin sanƙarau ne a duk wannan shiyya.

Ngaundare wata duniya ce daban. A kan tudun Adamawa take, sama da mita 1,000, don haka a Afrilun da Garwa ke tafasa, can ruwa ya fara sauka, dare na da sanyi, mai ciki na barci har da mayafi. Ƙafata da ta kumbura kamar turmi a cikina na Garwa, a na auta ko zobe ban cire ba. Nata aibin na zuwa a Disamba da Janairu, sa'ad da sanyin asuba ke shiga ƙashi. Jaririn hunturu a can sai da hula da safa, bakwaini kuma sai an manna shi a ƙirjin uwa, fata da fata, an rufe su tare. Kada a kuskura a shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga don a ɗumama jariri, hayaƙin da ba a gani yana kashe mutum cikin barci. Sai kuma Agusta, da za ki shanya tsummokan jariri kwana biyu suna nan da laima.

To amma kada mai karatu ya ɗauka na gama ba Ngaundare kambu. Da aka zo kan sauro, ma'auni ya karkata. Daminar Marwa gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, zazzaɓin cizon sauro ya taso da ƙarfi wajen Agusta zuwa Oktoba, sannan ya lafa. Ta Garwa ta ɗan fi tsawo, ga kogi da fadamu a gefe. Ta Ngaundare kuwa kusan wata bakwai ce, sauro na da dogon zango. Saboda zazzaɓin jihar Arewa da ta Arewa Mai Nisa na lokaci ne, tun 2016 ake bi gida-gida da damina ana ba yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar maganin kariya, wata-wata, kwana uku a jere. Mai zama Garwa ko Marwa ta riƙe wannan da kyau, kada ta karɓi na ranar farko ta jefa sauran a kwano. Kamaru ce kuma ƙasar farko da ta sa allurar rigakafin zazzaɓin cikin rigakafin yara na yau da kullum, ranar 22 ga Janairun 2024, aka fara da gundumomin lafiya 42, ana yi wa yaro ta farko yana wata shida. Duk inda kika sauka, ki tambayi wurin rigakafinku ko suna yi. Ita mai ciki, Fansidar da ake ba ta a wurin awo da gidan sauron da ake haɗa mata da shi, iri ɗaya ne a ko'ina. Zazzaɓi a ciki na shanye jini, yana sa a haifi ɗa ƙarami, don haka ba abin wasa ba ne ko a wane gari.

Ƙanena ya ce, "Yaya, ni fa asibiti nake ji." Na ce ka yi gaskiya, amma ba girman gini za ka duba ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 406 ke rasuwa a cikin kowace haihuwa dubu ɗari a Kamaru, kuma abubuwan da ke ɗauke su sanannu ne: zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda. Duka ukun da sa'o'i suke aiki, zubar jini ma wani lokaci ba ya cika biyu. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce, in abu ya ɓaci tsakar dare, minti nawa ne daga ƙofar gida zuwa inda ake tiyata ake kuma ƙarin jini, wa zai kai ta, da me?

Ta fuskar kayan aiki da ƙwararru, Garwa ce gaba. Ban da asibitin jiha da aka daɗe da sani, ga babban asibitin da aka gina da rancen Koriya ta Kudu, ga makarantar koyon likitanci da yanzu ke ƙarƙashin Jami'ar Garwa, wadda aka kafa a 2022. Inda ake koyar da likitoci, nan manyansu ke zama. Ngaundare na da asibitin jiha da kuma tsohon asibitin mishan da kowa ke kira Norbejiyan, don 'yan Norwe ne suka kafa shi. Tana da wata fa'ida da sauran ba su da ita: jirgin ƙasa. Jaririn da aka ce sai an kai shi Yawunde a ga wani ƙwararre, ka shiga da yamma, ka wayi gari a can. Marwa na da asibitin jiha, da na mishan a Meskin, 'yar tafiya kaɗan daga gari, wanda har daga Chadi ake zuwa. Nauyin da ke kanta ne ya yi yawa. Jiharta ta fi sauran biyun jama'a nesa ba kusa ba, ga waɗanda rikicin bakin iyaka ya koro, duk mai wahalar da ta fi ƙarfin ƙauye nan ake turo ta. Layi ya fi tsawo, haƙuri ya fi yawa.

Sai dai ga abin da na gani da idona a Marwar. 'Yar yayata ta sauka lafiya wajen sha ɗayan dare, muna ta barka, can sai jini ya ɓalle. Malamar asibiti ta leƙo ta ce a kawo mutum biyu masu ba da jini yanzu-yanzu. Mahaifinta waya ɗaya ya buga. Kafin rabin sa'a, samari biyar na unguwa sun faka babura a ƙofa, wani ko takalmi ƙafa ɗaya bai saka daidai ba, suna rige-rigen miƙa hannu. A yawancin asibitocinmu haka abin yake, dangi ake cewa su kawo jini ko su mayar da wanda aka ba su. Da a garin da ba ta san kowa ba ne, wa za a kira? Tun ranar na daina auna gari da asibitinsa kaɗai. Duk inda za ta haihu, a san rukunin jininta tun ciki na ƙarami, a kuma yi magana da mutum biyu tun kafin ranar.

Kuɗi kuwa, a nan garuruwan uku kunnen doki suka yi, albarkacin Shek Sante. Tun 2015 aka fara shi a jihohin arewa uku, daga baya aka shigar da shi cikin shirin lafiya na bai-ɗaya da aka ƙaddamar a 2023. Sefa 6,000 mace ke biya, jaka shida ke nan, ya ɗauki awo, gwaje-gwaje, hoton ciki, haihuwa har da tiyata in ta kama, da kula da ita da jariri zuwa kwana 42. Wanda ya taɓa biyan kuɗin tiyata daga aljihunsa ya san wannan ba ƙaramar rahama ba ce. Amma a asibitocin da ke cikin shirin kaɗai yake aiki, kuma mai niyyar fara awo a Garwa ta ƙarasa a wani gari ta tambaya tun wuri yadda za a yi da takardarta. Ta riƙe karnenta kamar yadda take riƙe sarƙar aurenta, don shi ne zai gaya wa sabuwar ungozoma abin da ya gabata. Maigida kuma ya ajiye wani abu a gefe. Ranar da aka ce magani ya ƙare a je kanti a sayo, shek ba ya magana. Sauran abubuwan, hutun haihuwa na mako 14 ga mai aikin albashi, rigakafin ranar haihuwa da na mako 6, 10 da 14, takardar haihuwa da ya kamata a karɓo a ma'aikatar magajin gari kafin wa'adi ya wuce a koma neman hukuncin kotu, babu garin da ya fi wani.

Jego ne ya fi cin mana lokaci, don a nan Marwa ke da abin da kuɗi ba sa saye: uwa. Mai haihuwar fari ba ta san yadda ake kama jariri a wanka ba, ba ta san kukan yunwa da na ciwon ciki ba, nono ya cika ya yi tauri ta rasa yadda za ta yi. Wadda za ta karɓi yaron da asuba ta ce "kwanta ki runtsa", ta fi fanka, ta fi sanyin gari. Kakanninmu da suka ƙirƙiro goyon ciki sun san abin da suke yi.

Amma da uwa ake samun tukunyar ruwan zafi safe da yamma, da kunun kanwa kofi-kofi, da wanzami ranar suna. Ban ce a watsar da wankan jego ba, ni ma na yi, yana warware gajiya. Sai dai tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya sau biyu a rana a Afrilun Marwa, mace ta fito tana jiri, wannan ya wuce gyara. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da kanwa mai yawa da gashin jiki da zafi, abin ya fi tsanani a watannin zafi. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, tana ta da hawan jini. Wadda ƙafarta ta kumbura ko jininta ya hau da ciki, ta bar ta gaba ɗaya, kunun gyaɗa ya wadatar. In mai jego ta fara haki, ko ta kasa kwanciya sai a zaune, ba gajiyar haihuwa ba ce, asibiti za a nufa. Cire beli da aska ɗaya da ta zaga gidaje, da shafa wa cibi toka ko man goge haƙori, waɗannan kam babu sassauci a kai. Matsalar ita ce suruki ba ya iya buɗe baki ya faɗa wa surukarsa haka, kunya ba za ta bar shi ba. Dole a nemo wata babba ta faɗa.

Abinci ba zan daɗe a kai ba, ba garin da zai bar mai shayarwa da yunwa in da abin saye. Ngaundare ga kindirmo da nama da doya da fiya da zuma, sai dai zumar ta uwa ce, ba a ba jariri kafin ya shekara. Garwa ga kifin Binuwai da na Lagdo, ga gyaɗa. Marwa ga dawar masakuwa da albasa da yakuwa da zogale, amma itacen dafa ruwan wanka na kwana arba'in sai ka ji a aljihunka.

Hanya fa? Garwa zuwa Marwa kilomita ɗari biyu da 'yan kai, Garwa zuwa Ngaundare kusan 280, da hawan dutsen Mbe mai kwana-kwana inda manyan motoci ke rarrafe. Ko wacce za a bi, a bi ta kafin wata na takwas, da safe, a tsaya ta taka ƙafa. A cikin gari kuwa duka ukun babur ne sarki, kuma babur ba abin hawan mai naƙuda ba ne, a nemi lambar maƙwabci mai mota tun yanzu. Mai haihuwar Agusta a Marwa ta duba ko akwai mayo, wato rafin da ke ƙafewa da rani, tsakaninta da asibiti. Kaliyawo da Tsanaga da ake tsallakawa a ƙafa da rani, da damina sukan cika su tumbatsa, a 2020 ma ruwa ya karya gadar Palar. Batun tsaro, Marwa ta ga tashin bama-bamai a Yulin 2015, amma cikin gari an daɗe da komawa harkoki, matsalar ta fi yawa can wajen iyaka. Sannan wadda ba ta jin Fillanci ko Faransanci sosai ta tafi awo da mai ji, a duk garuruwan, kada a yi mata bayanin magani ta gyaɗa kai don kunya.

Ya ce, "To Yaya, a taƙaice ina?" Na ce in likita ya ce cikin nan na da wani abu, hawan jini, tagwaye, sikila, mabiyiya ta tare hanya, ko mace an taɓa yi mata tiyata, ku zauna Garwa kusa da ƙwararru, ka sayi fanka mai caji da ɗan faifan sola, ka haƙura da zafin. In haihuwar ta hunturu ce ko ta kaka, ciki kuma lafiya, ban ga abin da zai hana ta tafiya gidansu a Marwa ba, muddin gidan cikin gari yake, kuma a asibiti za ta haihu ba a ɗaki ba. Amma taka ta Afrilu ce, ta fari ce, aiki kuma na kiranka Ngaundare. Ni da zan zaɓa, Ngaundaren zan ce, ku tare tun Janairu ta saba da wurin awonta, ku kama gida kusa da asibiti, ka shiga cikin mutanen Unguwar Hausawa da Sabongari tun kafin ka bukace su. Da sharaɗi ɗaya: Hajiya, gyatumarta, ta biyo ku ta yi mata arba'in. In Hajiya ba za ta iya barin gida ba, to ka kai ta Marwa, zafi da uwa ya fi sanyi da kaɗaici ga yarinyar da ba ta taɓa haihuwa ba.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wa zai tunkari Hajiya da wannan magana?"

Washegari da hantsi na kira ta. Muka gaisa, muka tambayi jikin yarinya, na kewaya na kewaya sannan na sauka a kan zancen, har da na kanwa. Ta ce ita a duniya ba ta taɓa jin inda uwa ke bin 'ya goyon ciki ba, 'ya ke zuwa. Ta ce an ce garin nan sanyi kamar ƙanƙara, ita kuma ga ciwon gwiwa. Na ce Hajiya, Afrilu ne, ba hunturu ba. Ta ja numfashi, ta ce sai ta shawarci Malam. Har na fara sallama sai ta ce in gaya wa yaron nan, in Malam ya amince, tukunyar da ta yi wa 'ya'yanta biyar wankan jego da ita ba za ta bar ta a Marwa ba, ya nemo mata wuri a saman mota.